Ranar da na kai yarana "teku" a Karaye

1/
Jama'a, tun da zafin nan ya shigo nake ganin hotunan iyalai a bakin dam, ana ta nishaɗi da yara. Akwai labarin da na daɗe ina jin nauyin faɗarsa, saboda laifin da ke ciki nawa ne. Yau dai zan faɗa, ko Allah zai sa ya amfani wani. Ku yi haƙuri, zaren da ɗan tsawo.

2/
Ni ɗan Ruwan Bago ne a ƙaramar hukumar Rogo, neman abinci ya zaunar da ni a birnin Kano. Duk Sallah gida muke tafiya. Lokacin da abin ya faru Ummi tana da shekara uku da rabi, Abba kuma biyu da 'yan watanni. Abba irin yaran nan ne da ba su iya tafiya ba sai gudu.

3/
Cikin azumin 2024 Ummi ta ga wani bidiyo a wayar mamanta: yara a bakin teku da 'yan bokitai suna gina ɗaki da yashi. Shi ke nan na shiga uku. Kullum in na dawo shan ruwa: "Baba, yaushe za ka kai mu teku?" Na ce teku tana Legas, tafiyar kilomita kusan 1,000. Ta ce to mu tafi bayan la'asar.

4/
Sai dabara ta zo min. Ai mu ma muna da namu ruwan a maƙwabta: dam ɗin Challawa da ke Karaye. Kamfanin Julius Berger ne ya gina shi, aka gama a 1992. Tsawon bangonsa ya kusa kilomita 8, tsayinsa mita 42. Kogin Challawa aka tare a nan, wanda ke gangarawa ya haɗu da kogin Kano su zama kogin Haɗeja.

5/
Da rani ruwan yana janyewa ya bar fili a gefe, wani wurin yashi, wani wurin laka. In iska ta taso har 'yar igiyar ruwa za ka ga tana dukan gaɓa. Ga 'yar shekara uku, wannan ai teku ce ba musu. Na yi mata alkawarin washegarin Sallah.

6/
Aka yi Sallah ranar Laraba 10 ga Afrilu. Da daddare na faɗa wa Inna shirinmu. Ta yi shiru, sannan ta ce: "Da yaran za ku?" Na ce eh. Ta ce: "Kun manta Bagwai ke nan." Wato jirgin da ya kife a dam ɗin Watari a ƙarshen Nuwamban 2021, ya ci aƙalla mutum 29, yawancinsu 'yan Islamiyya da za su Mauludi.

7/
Na ce: "Inna, ku kwantar da hankalinku, mu ba jirgi za mu shiga ba. A bakin ruwa kawai za su yi wasa. Kuma mu manya bakwai ne fa." Ku riƙe wannan maganar ta manya bakwai, don a kanta labarin yake. Inna ba ta ƙara cewa komai ba sai "Allah ya tsare."

8/
Manyan su ne ni, da uwargida, da Yaya da matarsa, da ƙanwata mai karatun aikin jinya, da ƙanina, da wani ɗan baffanmu. Yara biyar: nawa biyu, na Yaya uku. Muka loda tabarmi, kula cike da shinkafa, dambun nama, cincin, zoɓo mai ƙanƙara, da bokitin roba biyu da na sayo musamman.

9/
Ba zan ɓoye muku ba, wurin ya yi kyau. Kwale-kwalen masunta a jere, wasu na gyaran koma, mata na suyar kifi, can gefe shanu sun sauko shan ruwa, ƙarar injin ban ruwa tana tasowa daga lambuna. Iskar wurin kaɗai ta isa ka manta da zafin Afrilu na Kano.

10/
Ummi ta tsaya cak ta riƙe bakinta. Sai ta tambaye ni a hankali, kamar tana tsoron kada ruwan ya ji: "Baba, wa ya zubar da shi?" Abba kuwa da aka sauke shi kan yashi ɗaga ƙafa ɗaya ya yi yana kuka, bai yarda da abin ba. Minti biyar ba a yi ba ya fara cusa yashin a aljihun sabuwar shaddarsa.

11/
Wajen awa biyu muka yi cikin jin daɗi. Na durƙusa muka gina gida, Ummi ta ce na Inna ne, har da rumbu. Abba ya zo ya zauna a kai ya rushe. Aka yi kuka, aka yi dariya, aka sake gini. Duk lokacin nan idona yana kansu, shi ya sa ma na fara jin cewa Inna ta cika tsoro.

12/
Bayan mun yi la'asar, Yaya ya ce mu sai kifi mu kai wa Inna tsaraba. Na miƙe na karkaɗe riga, na ce: "A duba min Abba." Haka na faɗa, ban kira sunan kowa ba, ban tsaya na ji wa ya amsa ba. Na jefa maganar cikin iska na yi gaba.

13/
Daga baya muka gano yadda aka yi. Uwargida tana haɗa kwanuka, ta ɗauka yana wurin ƙanwata. Ƙanwata ta ga ya bi bayana, ta ɗauka tare muke. Matar Yaya tana canza wa jaririnta kaya. Samarin biyu suna ɗaukar hoto. Kowa ya tabbata akwai mai duba shi. Ashe babu.

14/
Ina cikin ciniki, mai kifi ya ce dubu huɗu na ce uku, sai na ji ana jan rigata. Ummi ce. Ta ce: "Baba, Abba yana wanka." Wallahi ban ko waiwaya ba. Na ce: "To Ummi, ina zuwa." Har in mutu ba zan manta da wannan amsar da na ba ta ba.

15/
Abin da ya sa na juya shi ne wani dattijo da ke gyaran koma kusa da mu. Ya watsar da komar ya zabura da gudu, bai ce da kowa komai ba. Na bi shi da ido. Can na hango silifas ɗin Abba guda ɗaya yana lilo a kan ruwa, kusa da shi kuma bayan farar shadda.

16/
Jama'a, babu ihu. Babu fantsamar ruwa, babu ɗaga hannu irin na fim. Tsakanina da wurin bai fi taku ashirin ba amma ban ji komai ba. Yaro ƙarami in ruwa ya rufe masa baki da hanci ba shi da numfashin da zai yi kuka da shi. Kansa kuma yana da nauyi in aka kwatanta da girman jikinsa, in ya kifa da ƙyar ya iya ɗagowa.

17/
Dattijon ya cafko shi ta wuyan riga ya ɗaga sama. Abin da ya ƙara kashe min jiki: taku uku kacal daga gaɓa, amma ruwan ya kai wa babban mutum ƙugu. Mu kuma tun zuwanmu muke kallon wurin a matsayin iya idon sawu.

18/
Yaya ya karɓe shi zai zazzage shi ƙafa sama kai ƙasa ya matsa cikinsa, yadda muka taso muna gani. Ƙanwata ta daka masa tsawar da ba ta taɓa yi wa Yaya ba: "Yaya kar ka matsa shi!" Ta kwantar da shi a gefensa. Ya yi tari, ya yi amai, sai ya tsala kuka. Ban taɓa jin sauti mai daɗin wannan kukan ba.

19/
Ta yi mana bayani daga baya: matsa ciki ba ya fitar da ruwa daga huhu, abinci yake turowa ya shaƙe yaron. In yana numfashi, a kwantar da shi a gefe, a cire jiƙaƙƙun kaya a lulluɓe shi. In ba ya numfashi, a hura masa iska baki da baki, a riƙa danna ƙirji, wani kuma ya nemo mota. Kowa ya kamata ya koyi wannan wurin ma'aikacin lafiya.

20/
Dattijon yana matse wandonsa ya dube ni ya ce: "Ɗana, ku nawa kuka zo?" Na ce manya bakwai ne, Baba. Ya ce: "To a cikin bakwai ɗin wane ne mai wannan yaron?" Muka yi tsuru-tsuru. Ya nuna garken da ke shan ruwa ya ce: "Ka ga shanun can? Yaro ɗaya ke kiwonsu, amma ya san shi ne makiyayin."

21/
Ya ce mana ƙasan dam ba shimfiɗaɗɗe ba ne. Kafin a tare ruwan, gonaki ne da kwaruruka da tsofaffin hanyoyin rafi a wurin, duk suna nan a ƙasa. Ga ramukan masu ɗiban yashi. Ga bakin ruwan yana matsawa daga wata zuwa wata, inda ka taka lafiya bara, bana gangare ne. Na miƙa masa kuɗi ya ƙi karɓa. Cewa ya yi mu tafi asibiti.

22/
A mota na yi abin da ya fi ba ni kunya. Tsoro ya koma fushi, na juya na ce wa uwargida: "Ke ina kike har yaro ya shiga ruwa?" Tana rungume da shi, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce: "Inda kake, Baban Ummi." Ban sake magana ba har muka isa.

23/
Maza mu faɗa wa kanmu gaskiya. Mu ne masu cewa a fita yawon Sallah, mu ne masu zaɓar wuri, amma da an isa sai mu sakar wa mata yara mu koma hira, alhali ga abinci a hannunsu, ga goyo. Ni na kawo shawarar, ni na yi wa Inna alkawari, ni Ummi ta zo ta faɗa wa. A daren na ba ta haƙuri.

24/
A asibiti an auna numfashinsa, aka saurari ƙirjinsa, aka riƙe mu 'yan awoyi. Suka ce ko yaro ya tashi yana wasa bayan ya sha ruwa, a kawo shi, don wani matsalar huhunsa sai bayan awoyi take bayyana. Suka ce mu lura da tari mai yawa, numfashi da sauri, kasala ko zazzaɓi. Alhamdu lillahi babu wanda ya biyo baya.

25/
Sai wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare muka shiga gida. Inna tana zaune a tsakar gida da carbi, ko abinci ba ta ci ba. Na shirya shan faɗa. Ta karɓi Abba ta yi masa tofi, ta goya shi da kanta duk da ciwon bayanta. Da kowa ya kwanta ta kira ni ɗakinta.

26/
Na san akwai wanda nake bi, tsakanina da Yaya, da ya rasu yana ƙarami. Ban taɓa tambayar me ya kashe shi ba, na ɗauka ƙyanda ce ko zazzaɓi. Daren nan Inna ta faɗa min. Ranar wani suna ne a gidanmu, gida cike da mata. Ya fita ta ƙofar baya, aka same shi a kududdufin da ake haƙar ƙasar gini. Shekararsa biyu.

27/
Ta ce: "Mun fi mu talatin a gidan nan ranar. Da ni kaɗai ce da shi, da ban sake shi ba." Ta share ido da gefen mayafi ta ce: "Da ka ce min ku bakwai ne, a nan gabana ya faɗi." Shekara kusan arba'in tana ɗauke da wannan, ni kuma na tsaya ina ce mata ta kwantar da hankali.

28/
Na yi imani kwana in ya ƙare babu mai ƙara shi, kuma Allah ne ya tsare Abba, ba wayonmu ba. Amma amanar yaro a hannunmu aka ba mu, za a kuma tambaye mu. Mun iya cewa "'yan ruwa ne suka ja shi" ko "ƙaddara ce", mu rufe maganar. Ni na ga abin da ya ja ɗana: silifas ne, da uban da ke cinikin kifi.

29/
Bayan nan na yi ɗan karatu a kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 300,000 ne ruwa ya ci a duniya a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Har rana Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware domin wannan, 25 ga Yuli ta kowace shekara.

30/
Kuma yawancin ƙananan nan ba a teku suke rasuwa ba. Kusa da gida ne: rijiyar da ba murfi, kududdufi, ramin da aka haƙa don gini, baho, har bokitin wanki. Duk mai sauraron rediyo a Kano ya saba jin sanarwar 'yan kwana-kwana sun ciro yaro daga rijiya ko kududdufi. Muna cewa Allah ya jiƙansa, mu wuce.

31/
Akwai kuma haɗarin da ba a gani da ido: tsargiya. Ƙwayar cutar tana fitowa daga wasu ƙananan dodon koɗi da ke ruwan dam da tafki, ta shiga ta fata, ba sai an sha ba. Bayan makonni ko watanni a ga jini a fitsarin yaro. Muna yara mun yi ta, har cewa ake alamar girma ce. Cuta ce, tana lalata mafitsara, kuma akwai maganinta a asibiti.

32/
To na daina kai su ne? Da farko na rantse ba za su sake ganin ko korama ba. Uwargida ce ta ce hakan ma ba dabara ba ce. Yaran nan jikokin Ruwan Bago ne, duk damina za su zo su tarar da rafi da kududdufi. Gara su san ruwa muna tsaye a kansu da su je su gano shi a ɓoye.

33/
Da Ƙaramar Sallar 2025 muka koma, amma da doka. Na farko: kowane ƙaramin yaro da babbansa guda ɗaya, da suna. Mai tsaron yaro ba ya riƙe waya, ba ya zuba abinci, ba ya ciniki. Tazararsa da yaron kada ta wuce inda zai miƙa hannu ya kamo shi.

34/
Na biyu: akwai wata jar hular Abba da muka mai da ita alama, tana hannun mai tsaronsa. In za ka tashi, ko sallah ce, sai ka danƙa wa wani hular hannu da hannu ya ce "na karɓa". In bai faɗa ba, yaron yana wuyanka. Yaya ya yi ta dariya ya ce mun mai da abin aikin soja. Shi ya fi kowa bin dokar.

35/
Na uku: yaro ba ya tsaron yaro. 'Yar Yaya mai shekara tara tana da hankali, amma ba a ɗora mata wannan. Na huɗu: tabarma nesa da ruwa, kuma kafin mu zauna sai mun gai da masuntan wurin mun tambaye su ina ne gangare. Sun fi kowa sani, ba sa kuma rowar faɗa.

36/
Na biyar: ba sa shiga ruwan dam. Jarka biyu ta ruwan gida muke zuwa da ita, su jiƙa yashi su yi gininsu, a wanke musu hannu da ƙafa. Na shida: ba jirgi sai da rigar kariya daidai jikin yaro, kuma ba cunkoso. Mukan je da yamma rana ta yi sanyi, mu taso kafin magariba.

37/
Na bakwai nawa ne ni kaɗai: in yaro ya ja rigata a bakin ruwa, na juya nan take, ko da wa nake magana. Ummi ta ga abin da manya bakwai ba su gani ba, ta kuma zo ta faɗa da kalmomin da take da su. Ni ne ban saurara ba.

38/
Mun nemi dattijon nan a zuwanmu na biyu, aka ce ya tafi su wani wuri. Mun bar masa saƙo da ɗan abin da ya sawwaƙa wurin abokan sana'arsa. Duk wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a, Allah ya san shi. Ya kuma jiƙan yayana da ban taɓa gani ba, da yaran Bagwai.

39/
Abba bai tuna komai ba, yanzu ma ga shi nan yana tsalle a kan kujera. Ummi kuwa har yau in ta ga mamanta ta bar ruwa a bokiti sai ta je ta faɗa mata. In za ku fita da yara bakin ruwa a Sallar nan, kafin ku sauka daga mota ku tambayi juna: wane ne mai wannan yaron? Ku tura wa ɗan'uwan da kuka san yana da ƙanana. Allah ya tsare mana zuri'a.